Me ya sa ake kiran ganuwar Himeji "balbela"?

Da wane suna Bahaushe zai kira ginin nan da ke kan tudun Himeyama, a birnin Himeji na ƙasar Japan? Fada ce, ko ganuwa, ko hasumiya? Japanawa "shiro" suke cewa, kalmar da ke komawa "jo" idan ta zo a ƙarshen suna, shi ya sa za ka ji Himeji-jo. Ta haɗa katanga da ƙofofi da ramin ruwan da ya kewaye wurin, don haka ganuwa ta fi kusa da ma'anarta.

Dogon benen da baƙi ke rububin ɗauka a hoto kuwa "tenshu" ne. Wanda ya kira shi fada zai sha mamaki in ya tuɓe takalmi ya shiga: ba zaure, ba karaga, sai katako da matakala masu tsayi da maratayar makamai. Mai ƙasar, wato "daimyo", ba ya kwana a ciki; gidansa na ƙasa. Aikin benen tsaro ne da nuna isa. Daga waje hawa 5 ake gani, a ciki kuwa 6 ne, ga kuma ɗakin ƙasa. Wani daimyo mai suna Ikeda Terumasa ne ya gina shi, aka kammala a 1609. Ƙananan kafofin da ke jikin katanga "sama" ake ce musu: dogayen na kibiya ne, masu da'ira ko kusurwa uku na bindiga.

Sunan da ya fi daɗi a bakin mutanen garin shi ne Shirasagi-jo. "Shirasagi" farar tsuntsuwa ce dangin balbela. Farin ginin, wanda ya jawo masa wannan suna, ya samo asali daga yaɓen farar ƙasa da aka yi wa bango har da tsakanin tayil ɗin rufi, don maganin gobara. Ganuwar Okayama mai baƙin katako kuwa U-jo ce, ta hankaka, sai dai hankakan Japan ba shi da farin ƙirji irin namu.

UNESCO ta sa Himeji cikin kayan tarihin duniya a 1993. Da aka gama gyaran da ya ɗauki 2009 zuwa 2015, ginin ya fito fari fat, har masu barkwanci suka sauya wasula suka ce Shirosugi-jo, wato "farin ya yi yawa".