Daga Filin Samaru Zuwa Toronto: Tarihin Masai Ujiri da Darajar Mataimakin Koci

Da editan wannan mujalla tamu ya nemi in rubuto wani abu a kan tarihi, na san yawancinku za su zaci zan ɗauko labarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, tun da ni mutumin Gwandu ne. To, wannan fage na bar wa malamanmu. Ni tarihin ƙwallon kwando na ɗauko, kuma in kuka bi ni a hankali za ku ga inda ya shafe mu.

Wani malamin wasanni mai suna James Naismith ne ya ƙago wannan wasa a shekarar 1891, a garin Springfield na ƙasar Amurka, don ɗalibansa su sami abin motsa jini a cikin ɗaki lokacin tsananin sanyi. Kwandunan zuba 'ya'yan itace biyu ya kafa a sama, ya rubuta dokoki 13, aka fara. Daga nan sunan ya samo asali. Ke nan tun farkonsa wasan makaranta ne, kuma malami ne ya haife shi.

Mu ma ƙasarmu tana da hannu a cikin wannan tarihi, ko da yake kaɗan ne daga cikinmu suka sani. A ƙarshen shekarun 1970, lokacin da Gwandu da Kalgo suke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato, kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi ranar 27 ga Agusta, 1991, an yi bikin wasannin kwalejojin horon malamai a birnin Sakkwato. Wani dogon yaro daga Legas ya zo a cikin 'yan wasan ƙwallon hannu na makarantarsu, sai aka roƙi a ara shi ga 'yan ƙwallon kwando. Wannan yaro shi ne Hakeem Olajuwon, wanda aka zaɓa na ɗaya a gasar NBA ta Amurka a 1984, ya kuma ci kofinta tare da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995. Da ba a ara shi a Sakkwato ba, Allah kaɗai Ya san inda baiwarsa za ta ƙare.

Amma wanda na fi so in tsaya a kansa shi ne Masai Ujiri, domin shi ɗan Zariya ne a tashi. An haife shi a Ingila a 1970, mahaifinsa ɗan Nijeriya, mahaifiyarsa likita 'yar Kenya. Yana ƙarami iyayensa suka dawo Zariya da shi. Kamar kowane yaron Arewa, ƙwallon ƙafa ya fara bugawa, sai da ya kai shekara 13 sannan ya kama ƙwallon kwando. A nan ne ya faɗa hannun Oliver B. Johnson, Ba'amurken da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Duk wanda ya yi karatu a Samaru kamar ni, ko da bai taɓa riƙe ƙwallo ba, ya ji ana ambaton Koci OBJ.

Daga Zariya Masai ya tafi Amurka, ya yi wasa shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji da ke Bismarck, a Jihar Dakota ta Arewa. Bayan nan ya koma Turai, ya yi kamar shekara shida yana buga wa ƙananan ƙungiyoyi a Ingila da Beljiyam da wasu ƙasashe. Gaskiyar magana ita ce bai yi suna a matsayin ɗan wasa ba, bai kuma taɓa buga wasa a NBA ba. A 2002 ya ajiye wasa, ya koma horar da matasan Nijeriya.

A nan ne darasin yake. Wata rana ya raka wani matashin ɗan wasa gwaji a ƙungiyar Orlando Magic, sai shugabanninta suka lura yana da idon gane yaro mai baiwa. Suka ba shi aikin nemo musu 'yan wasa, amma ba albashi. Ya karɓa. Da kuɗin aljihunsa yake tafiye-tafiye daga wannan gasa zuwa waccan, yana rubuta rahoto. Ƙungiyar Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi a 2003. Daga baya ya koma Toronto Raptors ta Kanada, inda ya zama mataimakin babban manaja a 2008. A 2010 Denver ta dawo da shi a matsayin babban manajanta, a 2013 aka zaɓe shi gwarzon shugabannin ƙungiyoyin NBA na shekara, a wannan shekara kuma ya sake komawa Toronto. A watan Yunin 2019 ƙungiyar da ya haɗa ta doke Golden State Warriors da wasa 4 da 2, ta ɗauki kofin NBA, karo na farko ke nan da kofin ya bar Amurka. Ya ci gaba da shugabancinta har Yunin 2025. Mahaƙurci mawadaci.

Bai kuma manta da mafari ba. Tun 2003 ya kafa shirin Giants of Africa, wanda yake shirya sansanin horar da yara, yake kuma gina filayen wasa a ƙasashen Afirka.

Kada a ce labarin mutum ɗaya ne. Rena Wakama, wadda iyayenta 'yan Jihar Ribas ne, ta yi wa Jami'ar Western Carolina wasa, sannan ta yi shekaru tana aiki a Kwalejin Manhattan har ta zama mataimakiyar koci. Da aka damƙa mata ƙungiyar matan Nijeriya, D'Tigress, a 2023, ta ci kofin Afirka a Kigali a wannan shekara. A wasannin Olamfik na Faris a 2024 ta kai su zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, matsayin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando ta Afirka, ta maza ko ta mata, da ta taɓa kaiwa. Haka ma Mike Brown, wanda D'Tigers suka doke Amurka da maki 90 da 87 a hannunsa a wasan sada zumunci a Yulin 2021, a lokacin mataimakin koci ne a Golden State. Aikin mataimaki shi ne nazarin wasan abokan karawa, da tsayawa a kan yaro ɗaya har hannunsa ya faɗa, da zuwa fili kafin kowa. Ba a cika tafa masa ba, amma a wurinsa ake koyon sana'ar.

To, yanzu bari in dawo gida. 'Yan ajinmu za su tuna wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana muna aji huɗu, aka haɗa shi da malamin wasanni a matsayin mataimaki. Shi ya kai rodi wurin mai walda aka lanƙwasa mana zobe biyu, shi ya sa muka share filin bayan ɗakin cin abinci, muka zana layi da toka. Bayan sallar la'asar yakan tsaya da mu har rana ta yi ja. Ni da ake yi wa dariya ana ce mini Dogo Sandar Rake, a wannan fili na fara jin cewa tsawona yana da amfani. Da ya gama hidimarsa ya tafi, babu wanda ya gaje shi, kafin zagayowar shekara ƙwallon ta fashe, wasan ya mutu. Ban ɗora wa kowa laifi ba. Mu da muka koya a hannunsa mu ne ya kamata mu riƙe, ba mu riƙe ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tsohon miki shi ne, tun da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa Kalgo, kullum da yamma nakan ga samari dogaye, masu ƙirar 'yan kokawa, suna zaune a bakin titi ba abin yi. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, a kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, a ƙofar gidansu. Yaron da ya iya wasa tun daga sakandare, in ya shiga can zai sami abin da zai tsare shi daga zaman banza da shaye-shaye. Ba na cewa za mu fitar da Olajuwon gobe. Lafiyar jiki, da ladabi, da sanin yadda ake aiki tare, su ma riba ce.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu su sa wannan magana cikin ajandar babban taro mai zuwa. Abin da ake bukata bai fi ƙarfinmu ba: fili mai tsawon mita 28 da faɗin mita 15 a dafe shi da siminti, da turaku biyu masu zobe a tsawon mita 3.05, da ƙwallaye. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne mutum. Mu nemi izinin shugaban makaranta, mu ɗauki matashi ɗaya mai takardar ilimin motsa jiki ya zama mataimakin malamin wasanni, ƙungiya ta riƙa ba shi ɗan alawus kowane wata, don kada abin ya sake mutuwa da tafiyar mutum ɗaya. A keɓe wa 'yan mata nasu lokaci da malamarsu, cikin suturar da ta dace da tarbiyyarmu. Ni na ɗauki alkawarin ƙwallaye biyu na farko, da yammacin kowace Asabar.

Da yayyafi kogi kan cika. Allah Ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, Ya saka wa waɗanda suke raye da alheri, Ya kuma ba mu ikon rama wa makarantarmu kaɗan daga cikin abin da ta yi mana. Amin.