Daga Zaƙami Zuwa Ɓeran Gwaji: Tarihin Binciken Gigin Tsufa

A Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, kudu da kogin Kaduna, akan kawo dattijon da ya daina gane 'ya'yansa, ko gyatumar da in ta fita sai an nemo ta. Dangi kan ce gigin tsufa ne. 'Yan magungunan da likita ke iya rubuta musu kuwa, sai da aka gwada su a jikin ɓeraye kafin su iso.

A 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya duba ƙwaƙwalwar wata majinyaciyarsa mai irin wannan cuta da ta rasu, ya tarar da wasu dunƙule-dunƙule sun taru a ciki. Daga nan aiki ya cije na kusan shekara 70. Ba a yi wa ƙwaƙwalwar rayayyen mutum gwaji, ɓera kuma ba ya kamuwa da cutar, ga shi da wuya ya wuce shekara 3 a duniya.

Sai aka koma yi wa ɓera mantuwar aro da sinadarin sikofolamin. A 1974 masu bincike a Amurka suka ba wa matasa sikofolamin, suka ga tunaninsu ya rikice kamar na tsofaffi. Sinadarin nan ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, yana cikin zaƙami, wanda kowa ya san yadda yake gusar da hankali. A 1976 aka gano cewa asetilkolin, sinadarin da sikofolamin ke tare wa hanya, ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar masu cutar. A 1981 kuma Richard Morris ya fito da gwajin kwatarniyar ruwa: a saka ɓera ya yi iyo har ya gano ɓoyayyen tudu, a ga ko gobe zai tuna inda yake. Ta wannan hanya maganin donepezil ya fito, Amurka ta amince da shi a 1996. Yana rage alamu, ba ya tsayar da cutar.

Hanyar ba ta da tsada, shi ya sa ta zauna a jami'o'inmu. A Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, masana magunguna sun yi ta gwada saiwa da ganyen gargajiya a kan ɓerayen da aka ba sikofolamin. Aiki ne mai amfani, amma a ganina mantuwar da ke gushewa cikin 'yan sa'o'i ba ta kai ta tsaya a madadin cutar da ke shekara 20 tana cin ƙwaƙwalwa ba.

A 1991 aka gano ɓacin wata ƙwayar gado mai jawo cutar a wani dangi a Ingila. A 1995 aka samar da ɓeran da ke ɗauke da irin wannan ƙwaya, dunƙulen suka bayyana a ƙwaƙwalwarsa. Aka yi murna, musamman da wani rigakafi ya share su a 1999. Da aka gwada shi a mutane, kusan kashi 6 cikin 100 suka samu kumburin ƙwaƙwalwa, aka dakatar a 2002.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. Da ƙwayoyin gadon Turawa aka ƙera ɓerayen nan. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta Yarbawan Ibadan da baƙar fatar Indianapolis, ya nuna cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma ƙwayar APOE4 da ke ƙara haɗarinta a Turai ba ta da wannan ƙarfi a can.

Akwai hanyar cike wannan giɓi. Tun 2007 ake iya ɗaukar ƙwayar fatar mutum a mayar da ita tushe, daga nan a raine ta ta zama ƙwayar ƙwaƙwalwa a ɗakin gwaji. A 2021 aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, bisa jagorancin Dakta Mahmoud Bukar Maina, inda ake wannan aiki da ƙwayoyin 'yan Nijeriya.