Dafin Da Ya Zama Allura

A kasuwar Kilomita Biyar a nan Bangi, mace mai hankali ba ta sayen gwangwanin kifi in ta ga ya kumbura. Ta san akwai mutuwa a ciki, ko da shi ke ba ta san sunanta ba. Abin da take gudu ɗin nan, shi ne likitoci suke zuƙa cikin allura yau domin su sassauta tsokar da ta sandare.

Labarin ya soma a ƙasar Jamus. A yankin Wurtembag mutane suna ta mutuwa bayan sun ci niƙaƙƙen naman da aka ɗura cikin hanji. Ganinsu ya dushe, fatar ido ta faɗi, haɗiya ta gagara, daga baya numfashi ya tsaya. Wani likita mai suna Justinus Kerner ya bi sawun cutar, ya yi rubutu a kanta daga 1817 har 1822, har ya ɗanɗana dafin da harshensa. Ya gane cewa dafin yana tare saƙon da jijiya take kai wa tsoka, amma hankalin mutum yana nan garau. Sa'an nan ya faɗi abin da ya yi kama da wauta a lokacin: wai in aka ba da shi kaɗan ƙwarai, zai iya kwantar da jikin da yake fizga.

Cikin shekara ta 1895, a ƙauyen Ellezelles na ƙasar Beljiyam, makaɗa suka gama kiɗa a wurin jana'iza, suka zauna suka ci cinyar alade mai gishiri. Mutum 3 suka mutu. Emile van Ermengem ya bincika ragowar naman, ya sami ƙwayar cutar, wadda take girma inda iska ba ta shiga. Dalilin ke nan take son gwangwani. Sunanta botulinum, daga sunan wannan naman hanji da harshen Latin.

Maganar Kerner ta kwana fiye da shekara 150 kafin a gwada ta. Alan Scott, likitan ido a San Faransisko, yana neman hanyar gyara harara-garke ba tare da wuƙa ba. Ya gwada a kan birai, ya ba da labari a 1973, sa'an nan ya koma kan mutane. A 1989 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda da allurar domin harara-garke da fatar idon da take rufewa da kanta. Kamfanin Allergan ya saye ta a 1991, sunan da duniya ta san ta da shi kuwa Botox.

Abin da ya fi shafarmu ya zo a 1993, sa'ad da Andrew Koman da abokan aikinsa a Amurka suka nuna amfaninta ga yaran da ƙwaƙwalwarsu ta sami rauni, masu tafiya a kan yatsun ƙafa domin tsokar sha-raɓa ta ɗaure. Mun san irin yaran nan. Waɗansu wahalar haihuwa ce, waɗansu sanƙarau, waɗansu zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai. Haka kuma dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, hannu ya dunƙule ba ya buɗuwa ko domin wanka.

A nan sai mai karatu ya lura, gama mu mutane ne masu ba da gaskiya ga allura fiye da kima. Wannan allura ba ta ƙara ƙarfi, ragewa take yi. Bayan 'yan kwanaki tsoka ta saki, ta zauna haka wata 3 ko 4, sa'an nan taurin ya komo. Cikin watannin nan ne ma'aikacin gashin ƙashi yake miƙar da gaɓa kowace rana, ya ɗaura takalmin ƙarfe ko filasta, ya koya wa yaro taka diddige. In uwa ta karɓi allura ta koma gida ta zauna, kuɗinta ya tafi a banza. Ga mai shan inna kuwa, wanda ƙafarsa ta riga ta yi laƙwas, raunana tsoka ba abin da yake bukata ba ne.

Kwalliya ta shigo ta ƙofar baya. A 1987, a Kanada, likitar ido Jean Carruthers tana yi wa wata mace allura domin fatar ido, sai macen ta ce tamojin goshinta yana ɓacewa. Mijin likitar, Alastair, likitan fata ne. Suka bincika tare, a 2002 kuma Amurka ta yarda a yi allurar domin tamojin da ke tsakanin gira. Daga nan kasuwa ta buɗe, har yawancin masu jin sunan Botox ba su san an fara shi domin marasa lafiya ba.

Ban ga laifin mai son goshi sumul ba, kuɗinsa ne. Amma maganin yana da tsada, sai an ajiye shi cikin sanyi, sai kuma hannun da ya san tsokar da zai soka, gama in ya yi yawa ko ya bazu yakan taɓa haɗiya da numfashi, kamar yadda Kerner ya gani. Saboda haka a unguwa irin tamu, yaron da ƙafarsa ta sandare ya fi dogara ga tabarma, da sandunan koyon tafiya, da hannun uwarsa safe da yamma.