Ƙaramar Hukumar Wurno: Ƙasarta, Jama'arta da Maƙwabtanta

Wurno ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 23 na Jihar Sakkwato. Tana arewa maso gabashin birnin Sakkwato, a kwarin gulbin Rima, kuma tana iyaka da Goronyo da Rabah da Kware. Hedikwatarta garin Wurno ne, mazaunin Sarkin Sudan. Daga cikin sauran garuruwanta akwai Achida mai babbar kasuwa, da Dinawa da Marnona da Lugu.

Faɗin ƙasa da yawan jama'a

Faɗin Wurno murabba'in kilomita 685 ne, ƙidayar shekarar 2006 kuma ta nuna tana da mutum 162,307. Idan aka kwatanta ta da maƙwabtanta biyu, bambancin zai fito fili. Goronyo tana da murabba'in kilomita 1,704 da mutum 182,296, ita kuwa Rabah tana da murabba'in kilomita 2,433 da mutum 149,165. Ke nan a kowane murabba'in kilomita guda akwai kimanin mutum 237 a Wurno, 107 a Goronyo, 61 a Rabah. Ƙasar Rabah ta ninka ta Wurno fiye da sau uku, amma Wurno ta fi ta jama'a. Mafi yawan mazauna yankin Hausawa ne da Fulani, Musulmi, waɗanda noma da kiwo da kamun kifi ne sana'o'insu.

Gulbi da fadama

Ruwa ne ya tara mutane a Wurno. Damina a wannan yanki gajeriya ce, daga Yuni zuwa Satumba, saboda haka manomin tudu sau ɗaya yake girbin gero da dawa da wake a shekara. Manomin fadama kuwa yana komawa gona da rani, ya shuka shinkafa da alkama da albasa da tafarnuwa. Ƙaramin fili a bakin gulbi yana iya ciyar da iyalin da sai babbar gona za ta ciyar a kan tudu.

Ruwan noman rani ya dogara ne a kan madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984 a kan gulbin Rima, ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. Daga nan ruwa yake gangarowa ta Wurno har zuwa birnin Sakkwato. Amma gulbin da ke ciyarwa shi ne kuma yake ɓarna. A ambaliyar Satumban 2010 ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka masu yawa a Goronyo da Wurno. Don haka lokacin buɗe ƙofofin madatsa da rufe su al'amari ne da ya shafi abincin dubban gidaje.

Tarihi

Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi domin tsare Sakkwato daga hare-haren Gobirawa. A nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ɗansa, Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya yi zamansa a garin, kuma a zamaninsa ne Baturen Jamus Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853. Rabah ma tana da nata matsayi, domin a can aka haifi Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, ya kuma riƙe hakimcinta kafin ya shiga siyasa.

Wakilci da rabon kuɗi

Wurno da Rabah kujera ɗaya suke rabawa a Majalisar Wakilai ta Tarayya, Goronyo kuma tana haɗe da Gada. Dukkansu suna cikin mazaɓar Sanatan Sakkwato ta Gabas. Wajen raba kason ƙananan hukumomi daga asusun tarayya, yawan jama'a da faɗin ƙasa suna cikin ma'aunan da ake dubawa. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, abin da ya ƙara wa waɗannan alƙaluma muhimmanci ga duk mai bibiyar abin da ke shigowa ƙaramar hukumarsa.

Sai dai alƙaluman sun tsufa. Ba a sake ƙidaya a Najeriya ba tun 2006, wadda aka shirya a 2023 kuma an ɗage ta. Yaran da aka haifa a shekarar ƙidayar sun riga sun kai shekarun jefa ƙuri'a. Rashin tsaro ma ya sauya zaman jama'a: harin Tabanni a Rabah cikin Yulin 2018 ya kori mutane zuwa garin Gandi, na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021 kuma ya hallaka mutane da dama. Ƙauyuka sun ragu, garuruwa sun cika. Har zuwa lokacin da za a sake ƙidaya, duk lissafin ajujuwa da asibitoci da rijiyoyin da yankin yake buƙata zai ci gaba da dogara a kan ƙiyasi ne.