Asalin Gajeren Labari a Rubutun Hausa da Abin da Ya Koya Mana

Tun kafin boko Hausawa suna da tatsuniya da hikaya da almara, amma a baki suke. Turawa irin su J. F. Schön a 1885, da Frank Edgar daga 1911 zuwa 1913, sun tattara su sun buga. Sai dai tattarawa daban, ƙagawa daban.

Ƙagaggen labari ya kafu ne a 1933, sa'ad da Rupert East na Hukumar Talifi a Zariya ya shirya gasa tsakanin malamai. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Shaihu Umar, da Idon Matambayi. Waɗannan kuwa dogayen labarai ne. Gajeren labari bai tsaya da ƙafafunsa ba sai da Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka fara bugawa a 1937.

In aka duba littafi na ɗaya za a ga inda dabarar take. Sarki ya tafi yaƙi, Waziri ya ƙulla makirci don a fitar da Musa daga gida, aku kuwa ba shi da makami sai labari. Watau in labarinsa ya yi sanyi, yaron ya fita, ya halaka. Saboda haka aku ba ya ɓata lokaci wajen shimfiɗa, yakan riƙe al'amari guda, ya bar mutanen labarin su bayyana halinsu da bakinsu, sa'an nan ya ɓoye ƙarshen har ya iso gare shi.

Imam ya aro da yawa daga Alfu Laila da littattafan Turawa, amma bai fassara su kalma da kalma ba. Ya sa musu sunayen Hausa, da fada, da kasuwa, da karin magana, har baƙuntarsu ta ɓace.

Ga malaman kwalejojin horon malamai akwai abin lura a nan. Ɗalibai da yawa sukan ɗauka gajeren labari dogon labari ne da aka datse, ko kuwa wa'azi ne da aka yi wa ado. In muka bar su a haka, za su koyar da yara haka. Ya kamata a riƙa auna rubutunsu da ma'aunin aku: shin mai sauraro zai zauna, ko zai tashi?