Gine-ginen Tarihi na Garwa

Garwa gari ne a gaɓar kogin Binuwai, kuma shi ne babban birnin Yankin Arewa na ƙasar Kamaru. Fulani suka kafa sarautarsa a farkon rabin ƙarni na 19, ƙarƙashin tutar Adamawa. A watan Nuwamba na 1901 dakarun Jamus suka ci rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola a nan, daga baya garin ya zama mazaunin Razdan na Jamus mai kula da Adamawa.

Ginin da Jamusawa suka fi ba ƙarfi a Garwa na tsaro ne: bariki, ganuwar ƙasa, da ramukan yaƙi kewaye da sansaninsu. Ingancin aikin ya bayyana a ƙarshen Agusta na 1914, sa'ad da sojojin Ingila suka taso daga Yola suka kawo hari, aka kora su, kwamandansu MacLear ya rasa ransa. Sai da Ingila da Faransa suka haɗa ƙarfi, suka jawo manyan bindigogi, kafin kwamandan Jamusawa, Kyaftin von Crailsheim, ya miƙa wuya ranar 10 ga Yuni, 1915.

Abin lura shi ne, mulkin da ya bar majami'u a Duwala da sauran garuruwan kudu bai bar irinsu a Garwa ba. Hukumar Jamus ta dogara da lamiɗai wajen tafiyar da arewa, don haka ta taƙaita shigar 'yan mishan ƙasar Musulmi. Majami'un garin duk na baya ne. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblat, da Yves Plumey a gabansu, sun iso arewa a 1946; aka kafa gundumar cocin Garwa a 1947, ta zama dayosis a 1955, aka ɗaga ta zuwa babbar dayosis a 1982. Kujerar babban bishop tana babbar majami'ar Sainte-Thérèse. Paparoma John Paul na Biyu ya ziyarci garin a watan Agusta na 1985.

Duk da haka, gine-ginen da suka ba Garwa kamanninta na Musulunci ne da na sarauta: fadar lamiɗo da zaurukanta, inda fadawa ke tuɓe takalmi tun daga ƙofa, da babban masallacin unguwar Poumpoumré, wanda aka gina a zamanin Shugaba Ahmadu Ahidjo, haifaffen garin a 1924. Daga cikin gine-ginen zamani kuwa, filin wasa na Roumdé Adjia, na 1978, ya karɓi wasannin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022.

A tudun Adamawa ma tsarin bai sauya ba. Ngaundare, wadda Jamusawa suka ci a 1901, ta fi shahara da fadarta mai rufin ciyawa da ginshiƙan ƙasa masu zane, kuma 'yan mishan Lutheran na Norway ba su iso ƙasar ba sai 1925, bayan tafiyar Jamus. A yankin Tignère, hedkwatar gundumar Faro-et-Déo, abin tunawa da wancan zamani dutse ne: Djim, kusa da Galim, inda mutanen Nyem-Nyem suka fake a kogwanni suka yi wa Jamusawa turjiya. Har yau jikokinsu na taruwa a wurin don bikin tunawa da kakanninsu.