Musayar caji tsakanin ayon da atom

Musayar caji ita ce ƙaurar elektron ɗaya ko fiye daga atom ko molekul zuwa ayon a lokacin da suka yi karo ko suka gifta juna. Ayon shi ne atom da ya rasa wasu daga cikin elektron ɗinsa, saboda haka yake ɗauke da caji. Idan ya rasa da yawa, kamar iskar oksijin da ta rasa bakwai daga cikin takwas (O⁷⁺), ana kiransa ayon mai babban caji.

Yadda abin ke faruwa

Idan ayon mai babban caji ya kusanci atom, ƙarfin jansa yakan rinjayi riƙon da cibiyar atom ɗin ta yi wa elektron ɗinta na waje, sai elektron ɗin ya tsallaka. Ba ya sauka a matakin ƙasa kai tsaye. Yakan fara zama a wani mataki mai nisa da cibiya, sannan ya gangaro mataki-mataki, yana fitar da haske a kowace gangarowa. Gangarowar ƙarshe takan ba da hasken eksire, kuma kowane irin ayon yana da tsawon zangon haskensa da ake gane shi da shi.

Gudun ayon yana da tasiri. Musayar ta fi yawa idan gudunsa bai kai na elektron a cikin atom ɗin haidirojin ba, wato kusan kilomita 2,200 a daƙiƙa. Idan ya zarce haka, sai ta ragu da sauri.

A sararin samaniya

A watan Maris na 1996 tauraron ɗan Adam na ROSAT ya gano hasken eksire daga tauraro mai wutsiya Hyakutake. Abin ya ba masana mamaki, domin an saba ganin wannan haske ne daga wurare masu tsananin zafi, shi kuwa tauraro mai wutsiya ƙanƙara ce da ƙura. A 1997 masanin Amurka Thomas Cravens ya bayyana dalilin: iskar da ke fitowa daga rana tana ɗauke da ayon na oksijin da kabon masu babban caji, waɗanda ke ƙwace elektron daga tururin ruwan da ke kewaye da tauraron. Daga baya an ga irin wannan haske a kewayen duniyar Mars.

A binciken makamashi

A na'urorin tokamak, inda ake neman samar da makamashi ta hanyar haɗe cibiyoyin atom, ana harba atom na haidirojin cikin filasma mai zafin miliyoyin digiri. Ayon na kabon (C⁶⁺) yakan karɓi elektron daga gare su, ya fitar da koren haske mai tsawon zango nanomita 529. Daga faɗin layin hasken ake auna zafin filasmar, daga gocewarsa kuma a san gudun juyawarta. An yi amfani da wannan dabara a na'urar JET da ke Culham a Ingila.